Lasifika a Alkukin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma a gidanmu da ke cikin birnin Zariya wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta yi mini magana sai ta kama dole, ita ma a gutsure. Kakata ce ta raine ni. In na shiga gaida Inna sai ta amsa tana kallon bango, in tana da saƙo kuwa ta faɗa wa duk wanda ke kusa, ko da kaza ce: "A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Na san kunya ce, ba ƙi ba. Amma sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba in na jiyo ta tana shewa da ƙannena.

A farkon shekarun casa'in mahaifinmu ya rasu. Ƙannena mata duk sun yi aure, mazan aiki ya watsa su, gidan ya rage daga ni sai matata sai Inna, wadda yanar ido ta fara rage mata gani. Ƙanwata da ke aure a unguwar Kusfa ta tasa ni gaba.

"Yaya, ka bar ta ta dawo wurina mana. A nan da wa take hira? Da kai?"

Inna kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai dai na ga an fara ɗaure tsofaffin zannuwa a ƙunshi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba na son ta bar ɗakinta, kuma ba ni da bakin da zan roƙe ta.

A lokacin ina aikin ofis a Kongo, nan Zariya, kuma ciwon bidiyo ya kama ni. Na sayi na'urar da talabijin da amfilifaya mai ƙara sauti, na mai da tsohon ɗakin mahaifinmu falon kallo. Ɗakin ƙarami ne, ginin ƙasa, mai kaurin bango. Da na rasa inda zan girke manyan akwatunan lasifika, sai na ce a cusa su cikin alkukai, wato 'yan kogunan da magabata ke bari a jikin bango don ajiye fitila. Suka zauna ɗas, har abokai na zuwa gani. In na taso daga aiki bayan la'asar sai mu sa kaset ɗin wasan kwaikwayo na Hausa.

Matata ce ta lura. Ta ce, "Malam, ka san Inna ta janyo tabarmarta jikin bangonka? Kunne take kasawa. Jiya har tambaya ta take ko an kama ɓarawon."

Shiga falona dai ba za ta yi ba ko da ba na nan. Bangon kuma yana haɗiye magana, gunji kawai ke isa gare ta. Amma akwai alkuki a ɗakinta, baya da baya da nawa. Na ce to, in ba za ta zo wurin kallo ba, sauti zai je wurinta.

Na tafi Sabon Gari da zuciyar ɗan da ke son burge uwarsa. Mai shagon ya ɗauko wata ƙatuwar lasifika mai faɗin faifai, ya murɗe ta har ƙirjina na amsawa. Ya ce, "Malam, wannan ko kurma sai ya ji." Ban ko waiwayi sauran ba. Na kira magini ya huda tsakanin alkukan biyu don waya ta wuce, shi kuma da ƙarfin hannunsa ya ɓula rami wanda ƙwarya za ta shige. Na yi faɗa, ya ce ai lasifikar za ta toshe.

Abin da ban tuna ba shi ne jeren Inna. Bangon nan gaba ɗaya kwanuka ne da langa-langa tun na aurenta, an jera su har kusa da rufi. Ana buga gangar buɗe wasa sai duk suka ɗauki rawa. Murafu na ƙarar-ƙarar, ƙasa na zubowa daga alkuki, wani kwano ya faɗo ya yi ta juyi a tsakar ɗaki. Na jiyo salatin Inna tun daga falo. Can sai ga matata, tana cije leɓe don kada ta yi dariya.

"Inna ta ce a gaya wa mai ɗakin nan, in gidan yake son rushewa ya bari ta fita tukuna."

Wannan "ta fita" ta soke ni. Washegari na mayar da ƙatuwar, na zauna a shagon kamar mai zaɓen ragon layya. Na zo da kaset ɗina, na kai shi daidai inda wata tsohuwa ke magana ƙasa-ƙasa. Na ce a rage sauti. Mai shagon ya ce wa ke gwada lasifika a hankali? Na ce ni. Kowacce aka jona sai in ja da baya zuwa bakin ƙofa, in rufe ido, in ji ko zan tsinci kowace kalma duk da hayaniyar kasuwa. Wata na sa mutum ya yi kamar yana magana a cikin tulu. Wata na da tsini, tana tsire kunne. Wata takardarta ta tsage an liƙe, in an zo kan "sa" da "sha" sai ta yi ta huci. Daga ƙarshe na tsaya kan wata 'yar madaidaiciya, mai nauyin maganaɗisu, ba kyan gani. A cikinta tsohuwar nan ta yi magana kamar tana zaune kusa da ni.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Kafinta ya yi mata akwati, muka shafe shi da baƙin mai saboda gara, muka cusa auduga a bayanta don kada ta girgiza bango, muka rufe fuskar da raga saboda ɓeraye. Da yake ba ta kai girman ta farko ba, ramin magini bai toshe duka ba, ya bar sarari ta sama. Na ce zan sa a liƙe in an kwana biyu.

Muka kunna. Ba kwanon da ya motsa. Da aka zo wurin ban dariya sai na ji wata dariya da ba ta cikin talabijin ba ce, ta biyo ta ramin nan. Ban taɓa jin dariyar Inna kusa da ni haka ba. Na ƙame a kujera, ina tsoron ko tari na yi za ta daina.

Ƙunshin kayanta dai yana nan a ɗaure. Ƙanwata ta aiko cewa ranar Juma'a mijinta zai zo da mota.

Ranar Alhamis da yamma matata ta tafi barka maƙwabta. Na sa wani kaset da na riga na kalla, saboda Inna kawai. Ana tsakiyar shari'a a cikin wasan, alƙali na shirin yanke hukunci, aka ɗauke wuta. Gidan ya yi tsit. Ina shirin tashi sai na ji gyaran murya ta cikin bango.

"To," in ji Inna, kamar da alkukin take, "ko yaya aka ƙare da marayun nan, oho."

Na duba hagu da dama. Ba kowa a gidan da za a ba saƙo. Na matsa kusa da ramin, na ce, "An ba su gonarsu, Inna."

Ina rufe baki na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Sai ta ce, "Shi kawun nasu fa?"

Na ba ta labarin tun daga inda ya tsaya. Tana tambaya, ina amsawa, tana tsine wa kawun, ina ƙara masa laifin da bai yi ba don kada zancen ya ƙare. Daga gonar marayu ta gangara kan gonar mahaifinmu, daga nan ta faɗa labarin shekarar da aka haife ni, wai na cika kuka har maƙwabta na aiko da magani. Ina da gemuna a lokacin, amma hawaye nake sharewa da hannun riga. Ba ta ganina, ba na ganinta, kunyarta na nan ba abin da ya taɓa ta. Har aka kira magariba muna hira.

Da safe motar ta zo. Ina tsaye a tsakar gida Inna ta leƙo, ta dubi matata, ni ko kallo ban samu ba.

"Ki ce su koma, ba yanzu ba," ta ce. "Kuma a gaya wa wancan, kada ya sa a liƙe ramin nan. Iska na shigowa ta wurin."