Kyamarar Da Nazeer Ya Sayo A Filin Jirgi

Nazeer ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana sashen tsare-tsare a wata ma'aikata a Abuja, gidansa kuma yana Mararaba inda haya ke da ɗan sauƙi. Mutum ne mai son a ce ya iya sayayya. Ko albasa ka sayo ya gani, sai ya gaya maka inda ta fi araha.

Shekarar da aka tura shi kwas Dubai, tun kafin bizarsa ta fito ya cika ofis da zancen kyamarar da zai sayo. "Shagon filin jirgi babu haraji," in ji shi. "Ku da kuke saye a nan, tausayi kuke ba ni."

Ranar dawowa kuwa ya saye ta, baƙa wuluk, mai nauyi. Yana zaune yana jiran jirgi sai tunanin 'yan kwastan na Abuja ya faɗo masa: in suka gan ta sabuwa fil a kwali, ai sai sun caje shi. Nan take ya zaro ta ya rataya a wuya, ya danna kwalin cikin kwandon shara, har da goga ta a jikin wandonsa don ta yi kama da tsohuwa. Duk tsawon tafiyar yana bitar abin da zai faɗa, wai ta yayansa ce, aro ya yi. Da suka sauka, jami'ar kwastan ko kallon wuyansa ba ta yi ba.

"Oga, sannu da hanya," kawai ta ce.

Har ya ɗan ji haushi.

A gida matarsa Nafeesa ta karɓa ta jujjuya, ta yaba, sannan ta ce, "Baban Fu'ad, ina cajarta?"

Sai a lokacin ya tuna. Caja da takardar garanti duk suna ƙasan kwalin, can Dubai. Makonni ya yi yana zarya tsakanin Wuse da Jabi kafin ya samo wadda ta dace, kuma har yau bai gaya wa Nafeesa farashinta ba. Ita ma, don zaman lafiya, ta daina tambaya.

Kyamarar dai ta yi aiki, nan ne ma wahalar ta fara. Tunda shi da bakinsa ya tallata ta, kowa ya san da ita. Suna ne, walimar ritaya ce, ɗaurin aure ne, sai ka ji an ce a kira Nazeer. Abokin aikinsa Thaddeus ya ja shi har Karshi bikin ƙanwarsa, ya wuni a tsaye cikin rana, kafin ya waiga shinkafa ta ƙare. In ka duba hotunan sunan 'yarsa ta biyu, kowa yana ciki har maƙwabta, ban da uban jaririyar. Shi da kansa yake ba da labarin nan yana dariya har da hawaye, ranar Asabar kuma ya sake ɗaukar jaka ya fita.

Bara aka kawo musu sabuwar darakta, aka shirya mata liyafar maraba. Nazeer yana ta durƙuso yana miƙewa, yana cewa na baya su matso. Da aka tashi ta yafito shi.

"Aikinka da tsabta, malam. Daga wane situdiyo kake?"

Thaddeus ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Daga hawa na uku, ranki ya daɗe," in ji Nazeer. "Sashen tsare-tsare. Don Allah ɗan juyo ta nan, haske ya fi."