Na Gudu Daga Wanda Ya Yafe Mini

Lokacin da abin nan ya faru ina kula da sito a unguwar Al Quoz da ke Dubai, wurin wani Alhaji ɗan Kano mai shadda da atamfa. Ni Kirista ne daga Zariya, kafin in zo Dubai ni ke koyar da yara a coci ran Lahadi. Kuma ni mutum ne mai zargi, ko da fara'a aka gaishe ni sai na tambayi kaina me ake nema.

Alhaji ya sha gaya mini in riƙa ɗora dilolin shadda a kan katako. Ganda ta hana ni, ina cewa a raina wane ruwa kuma a Dubai? Sai ga wani ruwan sama mai ƙarfi da ya cika gari. Da muka buɗe sito ruwa har gwiwa, dilolin ƙasa duk sun jiƙe, launi ya zuba. Na tsaya ina jiran kora. Alhaji ya dube ni, sannan ya ce khalas, wato shi ke nan, ya yafe, in ɗauko shebur mu kwashe laka.

Ni kam ban yarda ba. Wa ke yafe irin wannan asara? Ya kawo mini shinkafa daga unguwar Deira, na ce lallaɓa ni yake. Ya yi waya da Larabci, na ce da 'yan sanda yake magana. Da na kira mahaifiyata, ta tuna mini labarin Nuhu da nake koya wa yara, yadda bayan ruwan tufana Allah ya yi alkawari ba zai sake hallaka duniya da ruwa ba, ya sa bakan gizo ya zama shaida. Na ce mata wannan Allah ne, Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne.

Ranar da ya ce in kawo fasfona na ce yawwa, ga tarkon! Na tattara kayana na gudu unguwar Jebel Ali wurin wani abokina, na kashe waya. Ina can ɓoye bizata ta ƙare, aka kama ni a tashar mota. Kafin a sa ni a jirgi a maido ni gida, Alhaji ya zo inda ake tsare da ni, da ledar shinkafa a hannunsa. Ashe bizata zai sabunta shi ya sa ya nemi fasfon. Ya tambaye ni me ya yi mini da har na gudu.

Yau ina gida ba aiki, kunya ke cina. Na koma koyar da yara, amma duk ranar da muka zo kan bakan gizo sai in tuna da Alhaji. Na yi shekaru ina koyar da jinƙai, da ya zo gabana na ɗauke shi tarko. Don Allah, wanda aka ce an yafe masa ya zauna ya tambaya kafin ya gudu. Ruwa shadda kawai ya ɓata, sauran ni na ɓata da hannuna.