Gidan Rediyon Agogo

Ya kai ƙarshen gilashin, ya ja da baya taku biyu ya duba, ya sake komawa farko. Ruwan sabulu tukuna, sai busasshen tsumma, sai tsohuwar jarida da yake murzawa a tafin hannu har ta yi laushi. Haka Agogo yake yi kowace safiya a tasha kafin ya shiga layi. Da can shafa ɗaya ta ishe shi. Bana sai ya yi uku, kuma in ya zauna a bayan sitiyari dishi-dishin yana nan inda ya bar shi.

"Baba Agogo, za ka huda gilashin nan fa!" in ji Ba-Birki daga motar da ke kusa. "Ka bar wa ruwan sama nasa aikin mana."

"Kai dai wanke taka. Jiya na ga fasinja yana rubuta sunansa da yatsa a bayanta."

Ba-Birki ya yi dariya har da dukan ƙofa. Shekara ashirin ke nan suna ajiye mota gefe da gefe, kuma kullum da wannan cacar bakin suke karya kumallo.

Shekara arba'in da ɗaya Agogo yana bin hanya ɗaya, daga wannan gari zuwa na gaba, tafiyar awa biyu in ba a yi faci ba. Sunan ya samo asali ne tun yana saurayi, don masu shagunan bakin tasha da shigowarsa suke sanin lokacin buɗewa. Motarsa mai ɗaukar mutum bakwai ce, ta girmi 'yarsa ta ƙarshe da shekara biyu. Kujerar direba ta lotsa daidai jikinsa, sitiyarin ya goge ya yi santsi a wuraren da hannuwansa ke kwana. A gida ɗakuna biyu ne da mutum tara, babu inda namiji zai yi tagumi ba a tambaye shi ba. Saboda haka tun tuni motar ce ɗakinsa. In abu ya dame shi sai ya shiga, ya ɗaga gilasai huɗu, ya zauna. A nan ya yi kukan mahaifiyarsa. A nan ya yi na matarsa. Ba wanda ya taɓa ji.

Idon ya fara ne daga gefe. Babu zafi, babu ƙaiƙayi. Duniya ce kawai ta riƙa tsukewa, kamar ana ja masa labule daga hagu a hankali, wata bayan wata. Ya koyi juya kai gaba ɗaya in zai duba madubi. Ya daina lodin yamma, ya ce tsufa. Bai gaya wa kowa ba, don dokar ƙungiyar direbobi a bayyane take, kuma yana wurin da aka kafa ta: wanda idonsa ya gaza, an cire shi daga layi.

Abin da ya riƙe shi a kan hanya waƙa ce. Yana da kaset guda da yake sawa da zarar ya fita ƙofar tasha, na wasu mawaƙa da duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da yake gudunsa ba ya canzawa, waƙoƙin sun zama alamun hanya. Ta farko tana ƙarewa a gidan mai na ƙarshe. In ganga ta shigo a ta uku, to kwalbatin da ya karye yana gaba, a rage wuta. In macen nan mai siririyar murya ta ja dogon baitinta, kwanar kasuwa ce, inda awaki da masu babura ke faɗowa ba sallama. Kunnensa yana ganin hanyar kafin idonsa.

Rediyon kuwa tsoho ne, yana cin kaset. Sau nawa Agogo ya zaro zaren da tsinke, ya naɗe shi da bairo, ya liƙe inda ya tsinke. Wata rana ya zaro shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza, ya san an gama. Kwana huɗu ya yi tuƙi shiru. Ran na huɗun ya shiga kwanar kasuwa bai sani ba, madubin hagu ya doki kwandon wata mata, tumatir ya watse a kwalta. Ya ce wa fasinjoji ita ce ta shigo masa. 

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta nemo waƙoƙin ta zuba masa a waya, ya tsaya a kanta sai da ta jera su yadda suke a kaset. Ita ce kuma ta lura yana laluben kofi a gefen tabarma, ta ja shi asibitin ido da kuka da magiya. Aka ɗiga masa magani, aka sa shi leƙa wata na'ura yana danna maɓalli in ya ga ɗigon haske. Ya daɗe yana jira bai danna ba. Aka ce a dawo karɓar sakamako.

Sai dai muryar waya ba ta kai ƙarar injinsa ba. Ya kai ta wurin mai kayan waya na bakin tasha. Mutumin ya leƙa cikin motar, ya shafa fuskar rediyon, ya kama haɓa.

"Baba, wannan ai kakan rediyo ne. Ko ramin da za a soka igiya babu."

"Yana magana dai."

"Yana yi. To ga maganinsa." Ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta fi babban yatsa ba, ya cusa ta a ramin kunna taba. Lambobi ja suka haska a goshinta. "Ka ga wannan? Ƙaramin gidan rediyo ne. Wayarka za ta ba shi waƙa, shi kuma ya watsa. Sai mu murɗa rediyonka zuwa lambar da babu kowa, inda sai shuu kake ji. Ka ga lambar nan da ta can? In sun zama ɗaya, shi ke nan."

Ya murɗa. Shuu ɗin ya ɗauke, sai ga gangar nan ta cika motar, ta ƙofofi huɗu, tas kamar mawaƙan sun tashi daga kabari sun zauna a kujerar baya. Agogo ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Yau ka zama mai gidan rediyo, Baba. Saura ka ɗauki ma'aikata."

Agogo ya ɗauki maganar a daɗin bakin 'yan kasuwa. Bai tambaya ko watsawar tana tsayawa a ina ba.

Wata biyu abin ya tafi daidai. In yana jiran layi sai ya kunna waƙoƙin a hankali, ya jingina kai. Wani lokaci yakan ji Ba-Birki yana bin baitin da shi ma yake ji, daidai wurin, har da kaɗa yatsa a ƙofa. Ya ce a ransa, ashe ɗan banzan nan ya san waƙar kirki.

Ranar da abin ya faru shi ne na uku a layi. Ya gama shafar gilashi, waƙa ta biyu tana tafiya, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Auta. Ya san na mene ne. Ya dubi dama, ya juya kai ya dubi hagu, tasha cike da jama'a. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya murɗa gilasai huɗu suka rufe ruf, ya danna saƙon.

Waƙar ta yanke. Muryar 'yarsa ta fito ta ƙofofin motar, kusa, kamar tana zaune a gefensa.

"Baba, ina kwana. Na karɓo takardar. Baba, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ma kamar mai leƙe ta ramin makulli kake gani. Da na ce masa kana tuƙin haya sai ya ajiye bairo ya dube ni. Ya ce ko keke kada ka hau. Baba, na san matar nan mai tumatir ba ita ta shigo maka ba. Don girman Allah, mutum bakwai kake ɗauka. Ban gaya wa su Yaya ba, ban gaya wa kowa ba. Ka dawo gida mu yi magana."

Ya sake sawa. Ya kuma sake sawa, ko a karo na uku maganar za ta canza. Sannan ya share fuska da tsumman gilashi, ya gyara hula, ya yanke shawara a ransa: yau dai zai yi lodi, gobe ma a gani. Ya sauke gilashi.

Tashar ba ta taɓa yin irin wannan shirun ba. Injuna suna aiki, amma ba mai kiran fasinja. Ba-Birki yana zaune a motarsa, ya kafa wa sitiyari ido. Wata mata da ta riga ta sa jakarta a but ɗin Agogo ta zo ta ɗauke abarta.

Mai rubuta layi ya ƙaraso, allonsa a hammata. "Baba, Ciyaman yana son ganinka."

"Layina ya kusa."

"Ya ce yanzu."

Agogo ya zare 'yar na'urar ya sa a aljihu, kamar yadda yake yi in zai bar mota.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne mai tebur da benci da fanka mai kuka. Ciyaman ya miƙe da ganinsa. Mutum ne mai tumbi da furfura a gemu, amma Agogo ne ya fara ɗora masa hannu a kan giya, shekara talatin da suka wuce.

"Maigida, zauna."

"A tsaye ma ina ji. Me aka ce na yi?"

Ciyaman ya yi ta juya makullai a kan tebur. "Na'urar nan taka. Ba a motarka kaɗai take magana ba. Duk wanda ke kusa ya murɗa lambar, yana kamawa. Tun wata biyu rabin layin nan waƙarka suke ji. Gidan Rediyon Agogo suke ce mata. Har mai shayi ya bar rediyonsa a kai. Mun ƙi gaya maka ne don mun san halinka, kashewa za ka yi."

 "Na rufe gilashi," in ji Agogo.

"Na sani, Maigida."

"Duka huɗun na rufe."

"Sau uku muka ji."

Fanka ta yi ta kukanta. Agogo ya ɗaga murya. "Yarinya ce, tsoro ne da ita. Likitocin nan kuma ka san su, in ka je da ciwon kai sai su ce ƙafa za a yanke. Shekara arba'in da ɗaya, wa na taɓa kashewa? Kai da kanka, wa ya koya maka duba madubi?"

"Kai ne." Ciyaman ya ɗago kai, idonsa ya kaɗa. "To abu ɗaya zan tambaye ka, in ka faɗa daidai wallahi da hannuna zan buɗe maka ƙofa ka yi lodi. Mu nawa ne a ɗakin nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ni da kai."

Sai aka yi gyaran murya a hagunsa, kusa ƙwarai, har yana jin hucin numfashi. Ya juya kai gaba ɗaya. Ba-Birki ne tsaye a jikin taga, bai fi taku ɗaya da kafaɗarsa ba, hula a hannu. Ashe tare suka shigo, Agogo bai gan shi ba.

"Baba Agogo," in ji shi, "ni ne fa na fara kama gidan rediyon naka. Don waƙar ne kawai. Da na san..."

"Rufe mini baki," Agogo ya ce a hankali. "Da ma kai ne ke ɓata baitin macen nan."

Ba wanda ya yi dariya.

Ciyaman ya ce ba korarsa za a yi ba. Akwai kujera a bakin ƙofa, zai iya riƙe allon layi, ya rubuta lambar mai shiga da mai fita, ana ganinsa kullum.

"Da wane ido?"



Agogo ya laluba aljihun gaba ya fito da katin ƙungiya, wanda hotonsa na ciki yake da baƙin gashi, ya ajiye a kan tebur. Ya sake sa hannu ya fito da 'yar na'urar. Ya ɗan juya ta a tafinsa. Ba wuta a goshinta yanzu, baƙar roba ce kawai mara nauyi. Ya miƙa ta hagu, wajen Ba-Birki, ba tare da ya juya ba, ya riƙe a iska har ya ji an karɓa.

"In ganga ta shigo a waƙa ta uku, ka taka birki. Ko sau ɗaya a rayuwarka."

"Motar fa, Maigida?" in ji Ciyaman. "A sa wani ya kai maka gida?"

"Ku bar ta inda take. Na wanke gilashin."

Ya juya ya nufi hasken ƙofa, wanda ya rage masa kamar bakin rijiya in an dube shi daga ƙasa. Kafaɗarsa ta hagu ta bugi katakon ƙofar. Ya tsaya, ya dafa shi da tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya fita.