Injin Askin Durk

Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan kofi, Hiske kan durƙusa a bayan kujerar falo ta ɗora tafin hannu a kan taransfoma, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Baƙin akwatin ƙarfe ne mai nauyi. Shi ke rage ƙarfin wutarmu ta Holan ya daidaita ta da ta Kanada, inda ita da mijinta Durk suka ci ƙuruciyarsu, shi yana aski, ita tana gasa burodi. Da tsufa ya cim musu suka dawo ƙauyenmu. Komai sun bari a can, ban da injin askinsa.

Injin bai taɓa sabawa da ƙasar nan ba. A can sautinsa kamar na ƙudan zuma ne, a nan kuwa, ko ta cikin akwatin, sai ya yi ta kaɗawa kamar haƙoran mai jin sanyi. Mai gyaran lantarki ya ce bugun wutarmu bai kai na can sauri ba, akwati kuma ƙarfi kawai yake ragewa. Ya ja mata kunne: ranar da aka jona injin kai tsaye a bango, ƙonewa zai yi.

Sai mantuwa ta kama Durk. Yakan tsaya a taga yana kallon shanu a hayin ruwa, yana mitar masu zuwa aski sun makara. 'Yarsu Renske ta riga ta yanke magana: "Mama, ranar da Baba ya ji wa kansa ciwo, gidan kula da tsofaffi za a kai shi. Ba da wasa nake ba." Tun daga ranar Hiske ta koma barci da kunne ɗaya.

Wata Asabar ta taɓa akwatin ta ji shi sanyi ƙalau, ba waya a jikinsa. Kafin ta miƙe, wata ƙara ta tashi daga banɗaki kamar ana yagar kwano. Fitilu suka ɗauke. Ƙauri ya biyo baya.

Ta sami Durk gaban madubi, injin yana hayaƙi a hannunsa. Ashe ya tsinci ɗan mahaɗin fulogi da wani baƙo ya manta a durowa, ya jona injin kai tsaye a bango.

"Sake shi, Durk! Sake shi!"

"A bi layi, baiwar Allah. Wa ya taɓa mini inji?"

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta tura hannun ƙarƙashin famfo. Tafin ya yi jawur, fata ta fara tashi.

Ya ƙare mata kallo. "Ke ce sabuwar mai shara? Ai kin tsufa da aikin nan."

"Ni ce wadda ta aure ka, tsohon banza, tun kana da gashin da za a aske."

Ya yi dariya. Ita ma ta so ta yi, sai ta ji tsayuwar mota a waje. Renske ce, da cuku da burodin Asabar.

Hiske ta buɗe taga da sauri. Za ta iya cewa burodi ne ya ƙone. Za ta iya sa masa safar hannu ta ce sanyi yake ji. Ta juyo ke nan sai ta ga ya sunkuya, hannunsa na ɗigar ruwa, yana laluben soket yana cewa a yi haƙuri, yanzu wuta za ta dawo.

Ta riƙo kafaɗarsa ta zaunar da shi a bakin baho. Ta daɗe tana kallon farin gashin ƙeyarsa da ba wanda ya gyara masa.

Ƙararrawar ƙofa ta buga.

"Ga mai son aski nan ya zo," in ji Durk. "Ki ce ya shigo."

"Zan faɗa masa," ta ce.

Ta ɗauki ƙonannen injin, ba ta cusa shi a aljihu ba. Ta riƙe shi a fili, ta fita.