Mai Neman 'Yar Shara a Kasuwar Kurfi

Ina zaune a rumfar mai tabarmi, sai ga wani mutum yana ratsa kasuwa. Dattijo ne mai tumbi, rigarsa ta sha shuni amma wuyanta ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, gemunsa duk jan goro. Ban san shi ba. Mai tabarmi ya ce daga wajen Barkiya yake, yana neman wadda za ta riƙa share masa gida tana kwashe kashin awaki.

Ga shi tsaye gaban wata mai tallar tsintsiya, Yahanasu ake ce mata. Ta ce ladanta mudu biyu na gero kowace ranar kasuwa. Ya ja tsaki, ya tofar da tukar goro dab da ƙafarta.

"Shara ma sai an biya? A gidana ba a taɓa biya ba."

Na yarda da shi. Ina jin bayi ne suka riƙa share masa gida tun yana goye, da Nasara ya hana cinikinsu suka watse.

Sai ya kama damtsenta yana latsawa. Ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓenta yana leƙen haƙora, hankalinsa kwance, hannun ya saba.

Ta ture hannun, ta goge baki da gefen zane.

"Malam, ba da haƙori nake shara ba. Kuma yanzu mudu uku ne."