Katangar da Ta Kusa Maida Baba Makka

Da kaka ne, shekarar da aka samu 'yancin kai, ina korar kaji daga shanyar gero a gidanmu na Wurma, sai na ji ana karatu a zaure. Baba bai daɗe da dawowa daga Makka ba, tafiyar da ta ci shanunmu da damina biyu, ta kuma ci ƙaninsa, Baba Ƙarami, da aka binne a hanya. Ran nan Malam Ɗahiru, limamin unguwarmu, yana karanta wa mutane babin hajji. Ya zo inda magabata suka ce akwai wata gajeruwar katanga a gefen Ka'aba, duk wanda ya ratsa ta cikinta ɗawafinsa bai yi ba. In kuwa babban ɗawafi ne na bayan Arfa, sai ya koma, ko da daga bangon duniya ne.

Na leƙa na ga Baba ya aje carbi. "Malam, ni hwa turmutsutsu ya tura ni ta ciki a babban ɗawafin, zagaye guda," ya ce.

Tun daga nan tuwo ya daina wuce mini. In na kai awaki kiwo, idona na kan hanyar mota. Yara na langa a dandali, ni ina gindin rumbu ina gadin takalman Baba, don a wautata in na riƙe su ba shi da ta fita. Inna na daka tana share ido da bakin zane. Kowa ya san Baba: in littafi ya ce koma, zai saida gonar ya koma, kuma mun ga yadda hanyar nan take maido mutum ɗaya cikin biyu.

Malam Ɗahiru ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai Kurfi, wurin malaminsa. Na maƙale wa rigar Baba har aka ɗora ni kan jaki. A Kurfi tsohon malamin ya saurara, ya jawo wasu jajayen takardu daga gafaka, ya daɗe yana bin layi da yatsa.

"Alhaji, bayan wannan ka ƙara wani ɗawafi na nafila?"

"Kullum, har muka taso."

"Ta bayan katangar?"

"Ta baya, Malam. Jama'a ta ragu."

"To ya tsaya maka a madadin wancan. Ko yankan akuya bai hau kanka ba. Tahi ka ɗaure geronka."

Abin da ya jefa ni cikin littattafan nan ke nan, ba makaranta, ina bin malamai da tambaya har suna guduna. Ku duba fa, marubutan da ba su san Wurma ba sun hango Baba, sun bar masa ƙofa! Yau alhazai na tambaya ta waya tun suna Makka, a ba su amsa nan take. Mu sai da muka kai tsoronmu Kurfi a kan jaki. Har yau in na iso wannan layi, sai in ji hannuna ya saki rigar Baba.