Takardar da Na Rubuta a Kan Malam Buba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na iso ofis na tarar an cire jadawalin tafiyarmu daga allon sanarwa karo na biyu. Ku da kuka kama aiki kwanan nan, ku buɗe kunne, don abin da zan faɗa ba ya cikin littafin ƙa'idojin da aka raba muku.

A lokacin ina mataki na tara a ofishin kula da ɗalibai na kwalejinmu, nan Bauchi. Sashen tarihi ya nemi a kai 'yan ajin ƙarshe yawon buɗe ido Abeokuta na mako guda: kwana biyu a hanya, uku a can, biyu a dawowa. Za su hau dutsen Olumo, su ga fadar sarkin garin, su shiga kasuwar masu rini su gwada da namu na gida. Ɗalibai talatin da biyu ne, da malamai biyu, da ni. Malamai ke da ilimin, ni ke da wahalar: takardun amincewar iyaye, masauki, abinci, mota. A ƙa'ida, duk tafiyar da za ta kwana a waje sai Magatakarda ya sa hannu, shi ne babba a kan duk ma'aikatan da ba sa koyarwa. Da zarar ya sa hannu, sai a kafe jadawali a allo kowa ya gani. Ni kuwa yarinya ce mai ji da aiki, na zauna na buga shi tsaf, rana da ƙarfe da lambar mota da garin da za mu kwana da sunan kowane ɗalibi.

Ba sai na gaya muku yadda hanyoyi suke a shekarun nan ba. Kullum ana jin an tare mota an shiga daji da mutane, kuma kullum ana cewa da ɗan gari akan ci gari. Wani dattijo daga Gwallaga ya zo har ofishina da takardar 'yarsa a hannu, ya ƙi miƙo mini sai da ya ce, "Hajiya, ita kaɗai ce mace a ɗakin uwarta. Ba makaranta na ba wa ita ba, ke na ba wa." Na karɓi takardar, na karɓi nauyin, tun daga ranar kuma ban sake sakin jiki da kowa ba.

Direban babbar bas ɗinmu shi ne Malam Buba, wani dogon Bafulatani mazaunin Tirwun, wanda ya haura shekara ashirin a kwalejin. Mutum ne da za ku wuni tare bai yi magana goma ba. Ranar da na kafe jadawalin ya tsaya a bayana yana karantawa a hankali, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, mu a gidanmu matafiyi ba ya faɗin ranar tashinsa." Na yi dariya na ce, "Baba Buba, wannan ai camfi ne. Nan aikin gwamnati ake yi." Ya ce, "Haka ne," ya wuce gareji.

Washegari babu takarda a allo. Na ɗora wa ɗalibai laifi, na sake bugawa na kafe da ƙusoshi shida. Kwana biyu ta yi ta sake ɓacewa. Ina tsaye ina faɗa ni kaɗai sai Ladi mai shara ta matso da tsintsiyarta ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ba yara ba ne. Baba Buba ne ya cire shi. Da safe safe, ya naɗe ya sa a aljihu."

"Kin tabbata?"

"Da idona biyu na gani. Amma kar ki ce ni na faɗa."

Daga nan na sa masa ido, kuma wanda ya sa ido ba ya rasa abin gani. Sau uku ina wucewa ta bayan gareji ina jin yana waya da Fulatanci. Ba na jin harshen, amma ina jin sunayen garuruwa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: Akwanga, Lakwaja, Badun, duk na kan hanyarmu. Rannan ya leƙo ofishina ya tambaye ni mata nawa ne a cikin tafiyar, maza nawa. Kafin in gama mamakin wannan ya dawo da wata, wai a bar ranar tashi a hannunsa, zai faɗa ana gobe, kuma kada mu kwana a garin da na rubuta, akwai inda ya fi. Na ce masa zan duba. Yana fita na zauna ina lissafi. Mutum ya cire jadawali, ya san adadin 'yan mata, yana kiran mutane a kan hanya, yanzu kuma yana so shi kaɗai ya san rana da masauki. Na ce a raina biri ya yi kama da mutum.

Daga ofishina zuwa gareji bai kai tafiyar minti biyu ba. Ban je ba. Tsoro nake ji kada in tambaye shi ya gane na farga, kuma in faɗi gaskiya, akwai jin kai a ciki, ina ganin na kama abin da manya suka kasa kamawa. Sai na jawo takarda na rubuta wa Magatakarda rahoton sirri. Ban yi ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Na jera abin da aka gani da abin da na ji, na rubuta cewa yana yawan waya da harshen da ba ma ji, na rufe da cewa ina zargin yana da alaƙa da masu tare hanya. Na sa hannu da kwanan wata, na kai da kaina.

A aikin gwamnati, idan irin wannan ta isa teburin babba, ba ya da ikon ya yi kamar bai gani ba. Aka karɓe makullin bas daga hannun Malam Buba, aka ba shi takardar tuhuma, wadda dole ya amsa cikin kwana ɗaya. Bai amsa a rubuce ba, ya ce a kira shi ya yi bayani da baki. Aka zauna a ofishin Magatakarda, da shi, da shugaban tsaro na kwalejin, wani tsohon soja, da ni a gefe. Malam Buba ya shigo da farar riga, ya gaishe da kowa har ni, sannan ya zaro jadawalina guda biyu a naɗe ya ajiye a tebur, ya ɗora wayarsa a kai.

Magatakarda ya ce, "Malam Buba, kai ka cire waɗannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Dalili?"

"Allon nan a bakin ƙofa yake. Mai keke ya sauke fasinja ya karanta, mai talla ya karanta, wanda ba a san me ya kawo shi ba ya karanta. An rubuta rana, an rubuta ƙarfe, an rubuta lambar mota da inda za a kwana, ga sunayen 'ya'yan mutane. To me ya rage wa mugu ya nema?"

Ni dai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Magatakarda ya ce, "Me ya hana ka gaya mata?"

"Na gaya mata iya yadda zan iya. Shugabata ce, kuma sa'ar 'yata ce. Ba a koya mini in tsaya gaban yara in ce wa babba ya yi kuskure ba. Na ga idan takardar ta ɓace sau biyu za ta haƙura, ba wanda ya ji kunya."

Maganar waya kuwa, ashe kafin ya shigo kwalejin ya yi shekaru yana jan tirelar shanu zuwa Kudu. Wannan yana rubuce a shafin farko na fayil ɗinsa, ban taɓa buɗewa ba. Abokan aikinsa na da har yanzu suna bin hanyar duk mako, su yake kira su gaya masa inda ke da lafiya, da inda ba a wucewa bayan la'asar. Adadin mata da maza kuma wani tsohon maimasaukinsa ne a unguwar Sabo ta Abeokuta ya nema, don matan gidansa su san yawan tuwon da za su tuƙa, kuma a keɓe wa 'yan mata wurin alwala. Shugaban tsaro bai yarda da baki kawai ba. Ya ɗauki wayar, ya zaɓi lamba ɗaya da kansa, ya buɗe murya. Wani mutum ya ɗauka cikin ƙarar inji yana cewa, "Buba, na ce maka Lahadi ta fi, mu ma ranar za mu taso, ku shiga tsakiyarmu kawai."

Magatakarda ya miƙa masa makullinsa ya ba shi haƙuri. Ya juyo gare ni ya ce na yi abin da ya kamata mai kula ya yi. Na so ƙwarai in yarda da shi.

Muka tashi Lahadi bayan sallar asuba, ba wanda ya sani sai ana gobe. Tirela biyu a gaba, ɗaya a baya, har muka haye gadar Lakwaja. A Abeokuta ɗalibai suka hau dutse suna haki suna ɗaukar hoto, mai yi mana jagora ya nuna musu kogon da mutanen garin suka ɓuya a zamanin yaƙi, 'yar dattijon nan na Gwallaga ta sayo wa uwarta zanen rini. Maimasaukin Malam Buba ya ciyar da mu kamar 'ya'yansa. Shi kuwa bai hau dutse ba, bai shiga fada ba, yana jikin motarsa yana duba taya. Duk safiya sai ya gaishe ni, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muna dawowa na wuce rajista, inda ake ajiye fayil ɗin kowane ma'aikaci, na ce wa akawun wurin ya ciro mini rahotona in yaga. Ya buɗe fayil ɗin ya nuna mini kusurwar takardar, an rubuta lamba da jan biro. Ya ce, "Hajiya, duk takardar da ta shiga fayil ana ba ta lamba. Wannan ta arba'in da bakwai ce. Idan na cire, daga arba'in da shida sai arba'in da takwas, ni za a kama. Sai dai ki rubuta wata a ɗora a kai." Na rubuta wata, shafi biyu cur, na ce ni ce na yi kuskure. Aka ba ta lambarta ita ma.

Bayan shekara biyu babban direban kwalejin ya yi ritaya. Kowa ya san Malam Buba ne a layi, ba wanda ya kai shi daɗewa, bai taɓa yin ko ƙaramin haɗari da mota ba. Allah da ikonsa, lokacin an mai da ni sakatariyar kwamitin ƙarin girma, ni ke rubuta abin da aka tattauna. Magatakardan da ya san zancen an yi masa canji. Ina zaune aka buɗe fayil ɗin, wani daga cikin manyan ya tsaya a kan rahotona ya karanta a fili, da muryarsa, kalmomina. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba ta gaba, an wanke shi, ni na rubuta duka biyun." Ya duba sama-sama ya ce, "Ai ruwa ba ya tsami banza. Muƙamin nan makullin duk motocinmu ne." Na sake buɗe baki, shugaban zaman ya tuna mini cewa sakatariya rubutu take yi, ba ta da ƙuri'a. Aka ba wani. Da hannuna na rubuta hukuncin.

Malam Buba ya yi ritaya a matakin da na same shi. Ran nan na shirya na hau keke har Tirwun. Na same shi a ƙofar gida yana ba wa tumakinsa harawa. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo, na kasa sha. Na gaya masa komai, har abin da ya faru a kwamiti, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Hajiya, na yafe tun ranar. 'Ya'yan mutane kike jiye wa tsoro, ni ma su nake jiye wa. Kuma ni ma da laifina, da ban buɗe baki sosai ba." Ya kaɗe harawa daga rigarsa. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin rubuta ina magana da harshen da ba kwa ji. Shekara ashirin ina gaishe ku da naku. Da kin ce, Baba Buba me kake cewa, ai da na fassara miki."

Na yi masa godiya, na tashi na kama hanyar gida.

To ku da ke riƙe da biro yanzu, ba na ce kada ku yi zargi ba. Aikin kula da mutane ba ya yiwuwa sai da sa ido, kuma wata rana zargin ne zai ceci rai. Amma a ofisoshin nan akwai irin su Malam Buba da yawa, direbobi da masu gadi da masinjoji, sun fi ku sanin aikin, kunya da ladabi ne ke sa su faɗa muku gaskiya a kaikaice, sau ɗaya, a hankali. Idan wani ya yi abin da ya ɗaure muku kai, ku tashi da ƙafarku ku je ku tambaye shi kafin ku rubuta sunansa. Abin da baki ya ɓata ana gyara shi da gaisuwa da ban haƙuri. Ni na ba da haƙuri, an kuma yafe mini, amma mutumin bai zama babban direba ba, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa bayan babu mu, takardata ta farko zai fara cin karo da ita.